Ƙirjin Mai Burodi

Shekararta hamsin da takwas, talatin da huɗu daga ciki a aikin jinya, saura wata bakwai ta yi ritaya. Ita ce babba a ɗakin bakwaini na asibitin, inda ake ajiye jariran da suka zo duniya lokacinsu bai cika ba. Ba mai kiran ta da sunan yanka. Daga likita har mai shara, Sista Sikeli suke cewa, saboda duk uwar da ta ce mata, "Sista, yau kamar ya ƙara kumari," amsa ɗaya take samu: "Ni ban san kamar ba. Kawo shi mu ɗora a sikeli."

Mahaifinta mai gyaran agogo ne, a shagonsa ta tashi, kuma ta ce tun tana yarinya ba ta yarda da abin da ba a auna ba. Mijinta malamin makaranta ne da ya riga ta ajiye aiki. Shi ke zuba mata ruwan ɗumi da gishiri a roba in ta dawo, ta tsoma ƙafafunta da suka kumbura. 'Ya'yansu uku, ba wanda ya bi ta aikin asibiti, kuma ba ta taɓa nuna abin ya dame ta ba. Mota biyu take shiga kafin ta iso aiki. Gwiwarta ta hagu ta daina yarda da matakala tun shekara biyar da suka wuce, ɗakin bakwaini kuwa a hawa na biyu yake.

Gado goma sha biyu ne a ɗakin. Akwai kwalabe, wato akwatunan gilashin nan da ke ɗumama jariri, guda shida a takarda, uku a zahiri. Sauran ukun sun lalace, an tura su wani ɗan sito a ƙarshen baranda, an lulluɓe da tsohon zanen gado. Ukun da ke aiki ma sai da wuta. In an ɗauke, janareto ke riƙe su, amma shi ma ana kashe shi daga sha biyun rana zuwa ƙarfe huɗu don ya huta. A waɗannan awanni huɗu, kwalba akwati ce kawai.

A ƙofar ɗakin akwai wata takarda da ta yi ja don tsufa. Rubutun Sista Sikeli ne, na shekara ashirin da ɗaya da suka wuce, layi uku da manyan baƙaƙe: UWA KAƊAI. MINTI GOMA. BA A TAƁA JARIRI. Haka aka koya mata, haka ta koya wa na bayanta. A wancan zamanin hannun uwa abin tsoro ne, ana ganin shi ke kawo cuta. Ta kori mata da yawa daga ɗakin nan suna kuka, ba ta kuma ɓoye wannan.

Shekara tara ke nan aka tura ta taron bita na kwana uku. Aka nuna musu sabuwar hanya: a tuɓe jariri, a bar masa kunzugu da hula da safa kawai, a kwantar da shi a tsaye a tsakiyar ƙirjin uwa, fata ta taɓa fata, a ɗaure da zane, ya yi awanni a haka. Jikin uwa ya zama kwalbarsa. A kujerar baya ta zauna, ta ce wa ta kusa da ita, "Sun kasa saya mana kwalba, shi ne suka aiko mu da zane." Har yau ba ta janye maganar gaba ɗaya ba. Amma da ta dawo ta gwada, sikeli ya goyi bayan zane, ma'aunin zafi ma haka. Sai ta ɗauki biro ta soke layi biyu na ƙasan takardar. Na saman ya zauna.

Wanda bai yi aikin ba zai ɗauka sauƙi ne. Ɗaura jariri ɗaya a jikin uwarsa, da robar abinci a hancinsa, da lallashin uwar da ke tsoron kada ta karya shi, yana cin minti ashirin. Nas biyu ne a ɗakin kowane lokaci. Abokiyar aikinta ta shekara ashirin, wadda ake kira Doguwa, takan ce, "Yaya, kwalba ba ta cewa bayana ya gaji, ba ta cewa zan je banɗaki, ba ta da suruka." Doguwa ce ke cike rajista, inda ake rubuta awa nawa kowane jariri ya yi a ƙirji. Hannunta da sauri, rubutunta da kyau.

Mako uku da suka wuce aka ciro wa wata mata tagwaye ta hanyar tiyata, dukansu mata. Babbar ta zo da kilo ɗaya da giram ɗari takwas, tana iya kama nono, aka bar ta wajen uwarta a hawa na uku. Ƙaramar kilo ɗaya da giram ɗari biyu. Aka sauko da ita ɗakin bakwaini, ma'aikata suka laƙaba mata Kilo Ɗaya, aka haɗa ta kwalba guda da wani jariri. Uwar ba ta iya saukowa: ɗinkin ya yi ruwa, zazzaɓi ya rufe ta, ga ƙarin ruwa a hannu. Nono kawai ake tatsowa a kofi a kawo.

Da safe Kilo Ɗaya lafiya lau. Da an kashe janareto sai jikinta ya fara sanyi. Ya kamata ma'aunin zafi ya nuna digiri talatin da shida da rabi zuwa sama. Da ƙarfe uku na rana nata yakan sauko talatin da biyar da ɗigo huɗu. Jaririn da ke fama da sanyi yana ƙone ɗan abincin da ya sha ne wajen ɗumama kansa, ba ya ƙara nauyi, daga nan kuma numfashi ya fara tsallake. Sista Sikeli ta ga inda hanyar nan ke kaiwa sau da yawa. Ana bukatar ƙirji na awa huɗu kullum. Kakar yarinyar ta zo da niyya, sai ga ta da tari, aka mayar da ita. Sista da kanta ta cusa yarinyar cikin rigarta ranar farko, amma minti arba'in kawai ta yi, wani jariri ya shaƙe, dole ta tashi.

A bencin baranda akwai wani mutum da ke zuwa kullum da hantsi, ya zauna har la'asar, ya tambayi duk nas ɗin da ta fito, a ce masa da sauƙi, ya yi godiya. Ƙaƙƙarfa ne, gashin damtsensa duk wuta ta lashe. A rana ta huɗu Sista Sikeli ta tsaya a kansa.

"Kai ne baban tagwaye?"

Ya miƙe zumbur, hularsa a hannu. "Ni ne, Sista. Wani abu ya faru?"

"Ba abin da ya faru. Kana tari? Mura? Ƙuraje?"

"A'a."

"Taba fa?"

"Ban taɓa sha ba."

"Sana'ar me kake yi?"

"Burodi nake gasawa. Daga magariba zuwa asuba."

"Da rana kuma?"

"Barci, in an samu."

"To yau ba a samu ba. Za ka goya 'yarka a ƙirji."

Ya waiwaya bayansa ko da wani take. "Ni? Sista, ai ni namiji ne."

"Na lura."

"Nufina, ba ni da abin da zan ba ta."

"Ban ce ka shayar da ita ba, Malam, abincinta ta hanci yake shiga. Zafi nake nema. Kai da ke kwana gaban tanderu, in ba ka da zafi, wa ke da shi?"

Shigar da shi ɗakin ne ya gagara. Mata biyar na zaune a ciki, kowace ƙirji a buɗe ƙarƙashin zane. Da jin za a kawo namiji, wata mai ɗan kwana goma ta ce, "Wallahi Sista, in ya shigo ni zan fita, da ni da ɗana da robar hancinsa." Sista Sikeli ba ta yi musu ba, don matar tana da gaskiya. Ga kuma takardar ƙofa da ita ta rubuta da hannunta. Sai ta sa aka buɗe siton matattun kwalabe, aka share, aka goge, aka jawo kujerar ofishinta mai jingina aka ajiye tsakaninsu, aka rataya labule. Tana cikin haka aka aiko kiran ta ofishin shugabar ma'aikatan jinya. Ta ce wa Doguwa, "Ki ɗaura masa ita," ta tafi. Ba ta dawo ba sai bayan an kunna janareto. Washegari kuma ranar hutunta ce.

Ranar da ta dawo, rajista ta nuna awa huɗu, da wata awa huɗu, cikin kyakkyawan rubutun Doguwa. Sikeli kuwa ya nuna Kilo Ɗaya ta rage giram talatin. Ma'aunin zafi na ƙarfe uku bai wuce talatin da biyar da ɗigo shida ba duk kwana biyun. Likita ya duba takardar a tsaye, ya ce in ba a ga canji nan da jibi ba, zai rubuta a kai ta babban asibiti. Tafiyar awa uku ce, a motar da ba ta da kwalba. Sista Sikeli ta raka irin waɗannan jarirai sau bakwai a aikinta. Uku ne suka isa da rai.

Ta zauna a kan ɗan benci, don kujerarta tana sito, ta zura wa rajistar ido. Abin da ya fara zo mata shi ne wataƙila ƙirjin namiji ba ya yi, an dai faɗa musu a taron bita ne don a cika lokaci. Ta gaji, kuma wannan bayanin bai bukatar ta tashi. Amma awa takwas da rashin giram talatin ba sa zama a layi ɗaya, ko ƙirjin waye. Da sha biyu da rabi ta dafa gwiwa ta miƙe, ta bi baranda har ƙarshe, ta ɗaga labule.

Mai burodi na zaune ƙiƙam, bai jingina ba, hannu biyu tallafe da wani ƙullin kaya a ƙirjinsa, zufa na bin wuyansa. Ta sassauta zanen ta leƙa. Yana sanye da singileti. A kan singiletin akwai shawul ninki biyu. Cikin shawul akwai wata 'yar rigar sanyi ta saƙa, shuɗiya, wadda ta yi wa yarinyar yawa har hannuwan sun ɓace. Can ciki Kilo Ɗaya take, kamar an aiko ta a ambulan ɗin wasiƙa. Sista ta zura yatsa ta taɓa tafin ƙafarta. Sanyi.

"Wa ya ce ka bar singileti?"

"Ba wanda ya ce in cire, Sista." Ya sunkuyar da kai. "Kuma gashi ne da ni a ƙirji, na ce kada ya soke ta. Ga zufa."

"Rigar fa?"

"Kakarta ce ta saƙa. Ta ce tunda an hana ta shiga, a sa mata ko rigar ce."

Ta leƙa baranda ta kira Doguwa. Doguwa ta zo tana goge hannu, ta ga zanen a buɗe, ta gane.

"Yaya, sito ne fa, na ga da sanyi, na ce a ƙara mata shawul."

"Kin nannaɗe ta don kada zafinsa ya same ta ke nan. Singiletin kuma?"

Doguwa ta rage murya, ko da yake mutumin yana tsakaninsu. "Haba Yaya. Ni zan dubi mijin wata in ce ya tuɓe?"

"Maza nawa kika yi wa allura a ɗuwawu lokacin da kike ɗakin maza?"

"Waɗannan marasa lafiya ne. Wannan lafiyarsa ƙalau, yana kallona."

"Ni ma ba kallon ta nake ba," in ji mai burodi, idonsa a kan silin.

Sista Sikeli ba ta ƙara faɗa ba. Daga baya ta ce rabin laifin nata ne. Shekara tara tana cewa "ki ɗaura mata shi," kowa ya san abin da ake nufi, don mace ce gaban mace. Ba ta taɓa tunanin wannan karon sai an faɗi kalmar ba. Rajistar kuma awanni take tambaya, ba ta tambayar riga nawa ke tsakani.

"Cire," ta ce masa. "Doguwa, juya baya in kina so. Malam, ni na haifi wanda ya girme ka."

Ya cire. Ta miƙa masa tawul mai ɗumi ya goge ƙirjinsa ya bushe. Ta zare shawul, ta zare rigar kaka ta ninke ta a kan wata matacciyar kwalba. Ta ɗora yarinyar a tsaye tsakiyar ƙirjinsa, ƙafafu a tanƙwashe kamar na kwaɗo, kai a juye gefe, haɓa a ɗan ɗage don numfashi, robar hanci a manne da kumatu. Ta zagaya da zanen ta ƙarƙashin kunnen yarinyar, ta ja da ƙarfi, ta ƙulle a gefen haƙarƙarinsa. Sannan ta yafa masa rigarsa ta sama, ta rufa shawul ɗin a bayan yarinyar, inda ya kamata ya kasance tun farko.

"Sista, tana motsi," ya ce. "Ina jin ƙirjinta."

"Shi ake so. Jingina. Sauke hannun, zanen ya riƙe ta."

Bayan awa ɗaya ta dawo da ma'auni. Talatin da shida da ɗigo uku. Da ƙarfe uku, talatin da shida da ɗigo takwas. Ta rubuta da hannunta, ta ja layi ƙarƙashi.

Daga nan wata wahalar ta fara. Mutumin da ya kwana tsaye gaban wuta, aka jingina shi a kujera mai laushi da abu mai ɗumi a ƙirji, barci ne zai ɗauke shi. Barcin ba laifi ba ne in zanen ya ɗauru kuma kujerar ba ta kwanta ba, amma sai da mai leƙawa, kada kan yarinyar ya sunkuya. Tsakanin ɗakin bakwaini da sito taku arba'in da biyu ne, ta ƙirga. Duk rabin awa sai ta je ta dawo, ban da jarirai goma sha ɗaya da ke jiran ta. Wata rana ta same shi a farke yana yi wa 'yar bayani a hankali, wai kwaɓin burodi ma sai an rufe shi a wuri mai ɗumi yake tashi.

"'Yarka ba kwaɓi ba ce," ta ce. "Ɗaga mata haɓa."

Jibin ya zo, sikeli ya nuna ƙarin giram ashirin. Likita ya duba, ya mayar da biro aljihu, bai ƙara maganar babban asibiti ba. Bai kuma tambayi abin da ya canza ba, ita ma ba ta faɗa ba, saboda Doguwa na tsaye. Tun ranar, in Sista ba ta nan, Doguwa ce ke ɗaurin. Takan tsaya bayan labule ta ce, "Baban biyu, ka cire?" sai ya ce ya cire, sannan ta shiga.

A kwana na tara zazzaɓin uwar ya sauka, aka turo ta a keken marasa lafiya, babbar tagwayen a cinyarta. Aka ɗaga labule. Ta ga mijinta ba riga, ɗaure da zane mai furanni, baki a buɗe yana minshari, 'yar hula ta leƙo a ƙarƙashin gemunsa. Ta dafe ɗinkinta tana dariya tana "wayyo," hawaye na zuba.

"Sista, zanena ne fa na fita unguwa. Shekara biyu ina roƙon sa ya riƙe mini jaka a kasuwa, ya ce shi ba ya riƙe kayan mata."

Ya buɗe ido ɗaya. "Ki yi a hankali, za ki tashe ta."

Yanzu uwar ke ɗaukar safiya a cikin ɗaki, shi ya karɓi rana a sito.

In aka tambayi Sista Sikeli ko wannan ya nuna zane ya fi kwalba, sai ta yamutsa fuska. Ta ce ita kwalba shida take so masu aiki, da wutar da ba ta hutu, da nas huɗu maimakon biyu, sannan a ƙara da ƙirji. Ta ce a cikin abokan aikinta kowa ya yarda da abin a baki, amma ranar da ɗaki ya cika, shi ake fara tsallakewa, don ba ya yin ƙara kamar na'ura in an manta da shi. Ta ce mai burodi sa'a ce: da direba ne ko ma'aikacin ofis, da ba a same shi da rana ba. Nan da wata bakwai Doguwa za ta gaji ɗakin. Ko siton zai ci gaba da zama a buɗe, ko za a mayar da kujerar ofis a ja ƙofa, Sista ta ce ba ta sani ba, kuma ba za ta hawo matakalar nan don ta duba ba.

Ranar Alhamis da safe ta ɗora Kilo Ɗaya a sikeli. Kilo ɗaya da giram ɗari huɗu da tamanin, kuma ta fara lasar nono da bakinta. Ta rubuta. Da ƙarfe huɗu, bayan an kunna janareto, ta karɓi yarinyar daga ƙirjin uban, ta mayar da ita kwalba, ta rataya jakarta. A bakin ƙofa ta tsaya gaban tsohuwar takardar. Ta sa farce za ta ɓamɓare ta, amma gam ɗin ya kama fenti, kusurwa kawai ta yage.

"Doguwa, ara mini biro."

"Ki dawo da shi, Yaya, na uku ke nan wannan watan."

Ta soke KAƊAI, ta rubuta a gefe da ƙananan baƙaƙe: ko uba, a sito, ba singileti. Ta mayar wa Doguwa bironta, ta kama ƙarfen matakala, ta fara sauka da ƙafar dama.